Hoton Sata

Wata bakwai ke nan Auta ba ta sa mahaifinta a ido ba, ita da a da ba ta iya cika wata biyu ba ta je gida ba. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi tana da tsohon ciki, likita ya ce ko unguwa kada ta shiga mota, balle tafiyar wuni guda cur. Da ta haihu sai jinya ta biyo baya, kafin ta gama miƙewa hutun da aka ba ta a kantin maganin da take aiki ya ƙare. Sai waya ta rage mata. Kullum da hantsi, in masu saye suka ɗan tsagaita, takan raɓe bayan kantar magungunan tari ta kira shi.

Muryar tana nan, sai dai harshen ya yi nauyi, kalma takan fito da ƙyar kamar ana jawo guga daga rijiya. Amma bakin nan nasa na tsokana bai mutu ba. In ta tura hoton jaririyarta, yayanta ya kai masa wayar ya gani, ba ya farawa da tubarkalla.

"Wa ya ɗauki amaryata a nan?"

"Babanta ne, Baba."

"Ki ce masa ya riƙe aikinsa na ofis da kyau. Ya sa taga a bayanta, ya mayar min da yarinya inuwa."

Sai ta yi dariya har mai kantin ya leƙo. In dariyar ta lafa sai ta lallaɓa ta ce, "Baba, bari in kira ka ta bidiyo mana, ka gan ta tana wutsil-wutsil da ƙafa."

"Wani lokaci, Auta."

Kullum amsar ke nan. Ita kuwa ba don ya ga jaririyar kaɗai take roƙo ba. Fuskarsa take son gani, so irin wanda yake hana mutum jin daɗin abinci. Takan rufe ido ta nemo shi, sai ta tarar girar ta zo, gemun ya zo, amma sun ƙi haɗuwa su zama mutum ɗaya.

Mai Hoto ake ce masa a unguwarsu, yara da manya. Shekara arba'in da ɗoriya yana ɗaukar hoto a ɗakin gaba na gidansu, wanda ƙofarsa ɗaya ke kallon titi, ɗaya ke shiga cikin gida. A nan Auta ta yi rabin ƙuruciyarta, tana aikin makaranta a kan benci tana kallon masu shigowa. Shagon ba wani abin a zo a gani ba ne: labule shuɗi a bango, kujera ɗaya mai makari, fitila biyu masu dogayen ƙafa, kyamara a kan ƙafafunta uku. Daga gefen ƙofa akwai madubi mai tsayin mutum, da mataji, da buta da tawul, da kwat guda uku a rataye, babba da matsakaiciya da ƙarama, don wanda yake so ya ara.

Doka ɗaya gare shi, kuma ba ta da ubangida. Duk wanda ya shigo sai ya fara tsayawa gaban madubi, ya ga kansa, ya gyara abin da zai gyara. In ya zauna, Mai Hoto zai leƙa kyamara ya ɗago ya ce, "An shirya?" Ba ya danna komai sai mutum ya amsa da bakinsa. Gyaɗa kai ba amsa ba ce a wurinsa. Auta ta taɓa ganin wani ɗan dako ya shigo gumi sharkaf, yana son hoton katin shaida, ga wani mai babbar mota yana jira yana ta duba agogo. Ɗan dakon ya ce a ɗauka kawai, shi ina ruwansa da kyau. Mai Hoto ya miƙa masa buta da tawul ya ce, "Katin nan shekara goma zai yi a aljihunka, duk wanda ya karɓa wannan fuskar zai gani. Wanke ta, ba sauri muke ba." Mai motar ya yi tsaki ya fi sau biyar, amma sai da ya jira.

Akwai kuma wata mata mai tabon ƙuna a kunci, ita ce Auta ba ta taɓa mantawa ba. Ta ga yadda babanta ya ɗan juya kafaɗar matar, ya ja fitila ɗaya baya, tabon ya shige inuwa. Da hoton ya fito matar ta riƙe shi da hannu biyu tana murmushi. Tun ranar Auta ta sa a ranta cewa babu mai kirki irin babanta.

To, 'yar wannan mutumin ce, wadda ta san duk wannan, ta kira yayanta wata ranar Talata ta ce, "Don Allah Yaya, ko guda ɗaya ka ɗauko min hoton Baba. Ba sai ya sani ba."

"Ke Auta, kin fi ni sanin halin tsohon nan. Madubin ɗakinsa ma sawa ya yi aka cire. Baƙi sai ta bayan labule yake amsa musu, in ban da mutum biyu ko uku."

"Ni baƙuwa ce? Ganinsa kawai nake son yi, Yaya. Ba wanda zai gani sai ni."

Ta sa masa kuka. Yaya kuwa tun suna yara kukan Auta ne lagonsa.

Washegari da rana hoton ya shigo. Barci ya kwashe Baba a kujera bayan cin abinci, ba hula, tawul a wuyansa. Ɓarin bakinsa na hagu ya zube ƙasa, yawu ya jiƙa bakin tawul ɗin, hannun hagu a dunƙule a kan cinya. Daga sama aka ɗauka, a gurguje, irin ɗaukar mai tsoron a kama shi. Auta ta shiga ɗakin ajiya ta zauna a kan kwalin ruwan ƙarin jini tana kallo. Ta ji daɗi, don ga shi dai ta gan shi. Ta kuma tsargu, don ta san ba ba ta aka yi ba, ɗauka ta yi.

Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi. Ran Asabar Gwaggo, ƙanwar Baba da ke zaune gari ɗaya da Auta, ta zo ganin jaririya. Hira ta kai kan mara lafiya, Auta ta kasa daurewa ta nuna mata. Gwaggo ta dafe ƙirji ta yi salati, ta share hawaye da bakin mayafi, ta ce, "Turo min, 'yar nan, in riƙa duba ɗan'uwana." Abin da ya shiga wayar Gwaggo kuwa ba ya kwana shi kaɗai. Kafin rana ta faɗi hoton yana guruf ɗin dangi, da rubutu a ƙasansa wai a taya su da addu'a. Daga dangi ya tsallaka wurin surukai, daga surukai ya bi unguwa. Kowa da kyakkyawar niyya ya tura, kuma ba wanda ya tsaya ya ce ko mai fuskar ya yarda.

Tela, maƙwabcinsu na shekara talatin, yana cikin mutum ukun da ake bari su shiga ɗakin. Shi ya zo gaisuwa ya ce, "Ai har ɗana da ke can nesa ya ga hotonka, ya ce in yi maka sannu." Ya zaro waya ya nuna masa, shi a ganinsa abin kirki ya yi.

Yaya ne ya ba Auta labarin abin da ya biyo baya. Ya ce Baba ya riƙe wayar da hannunsa mai lafiya ya daɗe yana kallo. Bayan Tela ya fita Baba ya kira Yaya ya ce, "Wa ya ɗauka?" Ya ce shi ne. "Wa ya sa ka?" Ya kawar da kai. Baba ya ce, "Bar shi, na sani." Bai yi faɗa ba, bai ɗaga murya ba. Abin da ya ƙara kawai shi ne, "Ba a tambaye ni ba."

Da hantsin washegari Auta ta raɓe bayan kanta ta kira. Yaya ya ɗauka, ta ji takunsa har ƙofar ɗakin, ta ji ya ce, "Baba, Auta ce." Sai ta jiyo muryar daga nesa, a hankali, kalma ɗaya bayan ɗaya.

"Ka ce mata ina lafiya. Ai ta gani."

Sati uku ana haka. Ta tura hoton jaririyar da gangan da taga a bayanta, ko zai yi tsokanar da ya saba, ba abin da ya dawo. Ta goge hoton satar daga wayarta, ta sa Gwaggo ta goge nata suna ta cacar baki, amma ta san sauran wayoyin ba a hannunta suke ba. Hantsi ya zame mata lokacin da ta fi tsana. Da ba ta da fuskarsa tana da muryarsa, yanzu garin neman fuskar ta rasa duka biyun. Mijinta ya gaji da ganinta tana juya cokali a kwano ya ce, "Wannan ba maganar waya ba ce. Ki je." Ta roƙi abokiyar aikinta ta riƙe mata kwana huɗu, ta goya 'yarta ta shiga mota.

Da yamma liƙis ta isa. Matar Yaya ta tare ta da murna, ta karɓi jakar, ta yi mata nuni da ido zuwa ɗakin Baba. Labulen ƙofar a sake yake. Auta ta durƙusa a bakin ƙofa ta yi sallama, ya amsa.

"Baba, in shigo?"

Ya ce, "A miƙo min amaryata. Ke ki tsaya nan."

Matar Yaya ta kwance yarinyar daga bayanta ta shiga da ita. Auta tana durƙushe tana jin yadda yake wasa da jikarsa, yana ce mata ta yi ƙiba, wai ko ta zo cinye masa gida ne. Labulen bai kai ƙasa ba. Ta ƙarƙashinsa tana hango ƙafafunsa cikin silifas ɗin nan ruwan ƙasa da ta saya masa bara, ɗaya a miƙe, ɗaya ta ɗan karkace ciki. Tafiyar wuni guda ta yi, abin da ta samu ke nan, kuma ta kasa ɗauke ido daga kansu.

"Baba, na yi laifi. Ka yafe min."

"Kin ga abin da kike son gani ai."

"Ban gani ba, Baba. Wancan ba kai ba ne."

"Ni ne mana," ya ce. "Da ba ni ba ne, me zai dame ni?"

Ta ci gaba da durƙuso har aka fito mata da yarinyar.

Da safe ta tambayi matar Yaya makullin shago. Tun ranar da ciwon ya kama shi ba wanda ya buɗe. Ƙura ta rufe bencin da take zama a kai tana yarinya, gizo-gizo ya yi saƙa tsakanin fitilun, amma komai yana inda ya bar shi, har matajin yana kan ƙusarsa. Ta bar ƙofar titi a kulle, ta buɗe taga. Ta share, ta kakkaɓe labulen shuɗin, ta goge madubin da tsohuwar jarida har ya yi ƙal. Ta zuba ruwa a buta, ta rataye sabon tawul, ta cire batirin kyamara ta sa a caji. Bango ɗaya ne tsakanin shagon da ɗakinsa, ta san duk motsinta yana kunnensa.

Ai kuwa ba a jima ba ta jiyo shi. "Wa ke taɓa min kaya?"

Ta zagaya ta durƙusa a bakin labule. "Ni ce, Baba. Na share shago. Madubi yana nan, mataji yana nan, ƙofar titi a rufe. Ba zan taɓa kyamara ba sai ka ce. In ba ka zo ba ma ba komai, ƙura dai ta fita."

Ta koma shago ta zauna a benci. Hantsi ya wuce. Ta shayar da yarinya, ta kwantar da ita a kan zani, ta sake goge madubin da ba abin da ya same shi. Aka kawo mata abinci ya huce a gabanta. Sau biyu tana jin kamar motsi ta miƙe, ashe matar Yaya ce ke shanya. Ta fara lissafin cewa jibi za ta koma, ƙila da ƙafafun nan biyu kawai a idonta.

Rana ta ɗan karkata sai ta ji ƙarar sanda a siminti. Sanda, sai jan ƙafa. Sanda, sai jan ƙafa. Ta ji Yaya yana cewa bari ya riƙe shi, ta ji an ce masa, "Koma." Ƙofar cikin gida ta buɗe. Auta ta sunkuyar da kai, tana kallon silifas ɗin suna matsowa.

"In ɗago, Baba?"

"Ɗago."

Ya sa farar rigarsa mai guga, da hular da yake sawa in zai fita. Ya rame, rigar ta yi masa yawa a kafaɗa. Bakin ya karkace kamar yadda ta gani, idon hagu ya ɗan rufe. Amma a tsaye yake, yana kallonta da idon nan da yake auna mutum kafin ya zaunar da shi. Girar da gemun da ta yi wata bakwai tana nema suka haɗu wuri ɗaya. Ta cije leɓe don kada kuka ya ƙwace mata ya ɗauka tausayi ne.

Bai tsaya kanta ba, ya wuce gaban madubi. Ya jingine sandar, ya dafa bango, ya tsaya. Auta ta juya tana gyara zanin yarinya, don ta ga wannan kallon ba nata ba ne. Ya daɗe sosai. Can ta ji ya ce, ba da ita yake ba, "Ashe haka ka koma. Sannu, tsoho." Ya zaro matajin daga ƙusa ya taje gemunsa da hannun dama, ya daidaita hular, ya ciro hankici daga aljihu ya goge gefen bakinsa. Sannan ya lallaɓa ya zauna a kujera mai makari, wadda shekara arba'in yana zaunar da mutane a kai.

Auta ta kunna fitilun. Ta matso ta kama kafaɗarsa a hankali ta ɗan juya shi, ta ja fitilar hagu baya. Ɓarin da ya shanye ya shige inuwa.

"Me kike yi?"

"Yadda ka yi wa matar nan mai tabon ƙuna, Baba. Ban manta ba."

"Ita ta roƙa." Ya tsaya ya huta, ya tattaro sauran maganar. "Tun a bakin ƙofa ta raɗa min. Kina can kina cin gindin biro, ba ki ji ba. Akwai mai ido ɗaya da ya zo a satin, ya ce in ɗauke shi sosai, haka matarsa ta san shi. Na ɗauke shi sosai. Ni na roƙe ki?"

"A'a, Baba."

"Rannan kin nuna ni ba ki tambaye ni ba. Yau za ki ɓoye ni ba ki tambaye ni ba."

Kunya ta rufe ta har ta ji kunnuwanta sun yi zafi. Ta saki ƙafar fitilar, ta durƙusa a gabansa.

"To yaya kake so, Baba?"

"Yawwa," ya ce. "Da wannan ake farawa, Auta."

Kusan wata guda rabon da ta ji sunanta a bakinsa.

Da kansa ya juyo ya fuskanci kyamara sosai. Ya sa ta mayar da fitilar inda take, ta ƙara matso da ita taku ɗaya, ya yi mata faɗan ta sa ta yi ƙasa da yawa, wai ko a kantin maganin ma haka take aiki. Ya ce a ɗora masa amaryarsa a hannun dama. Hannun hagu kuwa ya ce ta ɗauko shi ta ajiye masa a kan gwiwa, a fili, kada ta tura shi ƙarƙashin riga. Yarinyar ta kama gemun da ya gama tajewa ta cukuikuye, ya ce a bar ta, wannan gyaran nata ne.

"In ya fito," ya ce, "ki tura wa Gwaggonki. Ki ce mata ni na aiko, ta raba wa duk wanda ta ga dama."

Auta ta koma bayan kyamara ta mayar da batiri. Ta leƙa, ta ɗago kamar yadda ta ga yana yi tun tana yarinya.

"An shirya?"

Ya sake goge gefen bakinsa da kafaɗa, ya miƙe wuya. Kalmar ta ɗauki lokaci kafin ta fito, ita kuwa ta jira ta.

"An shirya."

Ta sa yatsa a kan maɓallin, sai ta tarar ba ta ganin komai. Hawaye ya cika mata ido, farar rigar da shuɗin labulen suka cakuɗe. Ta tsaya a haka, kafaɗunta suna rawa. Bai ce ta yi sauri ba. Ya bar ta har ta ja numfashi, sannan ya ce, da muryar nan da yake yi wa masu shigowa shago:

"Ga tawul can, ba sauri muke ba. Ke fa, mai hoto, kin shirya?"

Ta je ta wanke fuska da ruwan butar, ta goge, ta dawo ta leƙa. Yana nan zaune cikin haske, duk ɓarin biyu, yana kallonta kai tsaye.

"Na shirya, Baba," ta ce, sannan ta danna.